Yadda ake auna ciwon dasashi da yawu, tun daga tofawa har karanta sakamako

Da yawanmu idan muka ga jini a jikin buroshi ko a bakin aswaki cewa muke yi ai na danna da ƙarfi ne, sai mu kurkure baki mu wuce abinmu. Toh dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi, ko da kuwa kullum ake gogawa. Jinin nan saƙo ne, kuma abin takaicin ciwon dasashi ba ya zuwa da zogi kamar kogon haƙori da zai hana ka barci, a hankali yake cin naman da ƙashin da suka riƙe haƙori, shekara da shekaru, ranar da mutum zai farga haƙori ya fara girgiɗa ko ya yi tsawo kamar ya ƙara girma, alhali dasashin ne ya janye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce masu fama da mai tsananin sun haura biliyan ɗaya, wajen kashi 19 cikin ɗari na manya kenan. Ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin in shiga maganar yawu bari in faɗi yadda likitan haƙori ke gano ciwon tun asali, don idan ba ka san wannan ba ba za ka gane amfanin yawun ba. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai zane-zane kamar rula, shi ake zurawa a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori. In ya shiga milimita 1 zuwa 3 kuma babu jini, lafiya lau. In ya kai 4 zuwa sama to aljihu ya samu, wato dasashi ya saki haƙori, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Sai a haɗa da hoton haƙori a ga nawa ne ƙashin ya zaizaye. Wannan awon shi ne uban tafiya har gobe, amma yana da nakasu guda: ɓarnar da ta riga ta faru yake nuna maka. Kamar ka je gona bayan ruwa ya yi gyara ne kana auna zurfin kwazazzabo, ka san an yi ɓarna, amma awon ba zai gaya maka ko har yanzu ruwan na ci ba. Mutum biyu za su iya samun aljihu mai milimita 6 iri ɗaya, na ɗaya ya lafa tun shekara uku, na ɗayan kuma yanzu haka yake ci kamar wutar daji. A nan ne yawu ke shigowa.

Me ke cikin yawun da har za a auna? Mutum na samar da wajen rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne zalla. Ɗan ragowar nan shi ne kasuwar. A gindin kowane haƙori akwai wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa daga cikin dasashi, idan lafiya ake kaɗan ne ƙwarai, idan kumburi ya zo sai ya ƙaru ya kwaso duk abin da ake yaƙi da shi a ciki ya zuba a yawu. Kaga kenan tofi ɗaya ya tattaro labarin baki gaba ɗaya, ba allura ba zare, ba ɗibar jini.

Abin da aka fi yin bincike a kansa shi ne wani sinadari da ake kira MMP-8. Fararen ƙwayoyin jini ne ke sakinsa idan sun zo faɗa da bakteriya, aikinsa yanka kolajin, wato zaren nan da ya ɗaure haƙori da ƙashi. Jiki ne ke yin sa don ya buɗe wa dakarunsa hanya, amma idan faɗan ya ƙi ƙarewa sai almakashin ya koma yanka gidan da ake karewa. Kuma a lura, sinadarin yana da fuska biyu, akwai wanda ke kwance bai fara aiki ba, akwai wanda ya farka yana yanka, shi ake rubutawa aMMP-8. Wannan na biyun shi ne ya fi nuna cewa ana ɓarna yanzu-yanzu. Farfesa Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan da abokan aikinsa sun daɗe a kan wannan, daga aikinsu aka samu ɗan gwajin nan na nan take mai suna PerioSafe da wani kamfanin Jamus ke yi, da ɗan'uwansa ImplantSafe na masu dashen haƙori. Har a Najeriya an gwada irin wannan awon a kan marasa lafiya, binciken ya fito a 2014, don kar wani ya ce abin na Turawa ne kaɗai.

Bayan shi akwai 'yan saƙon kumburi irin su IL-1β da IL-6, su kamar masu shela ne da ke kiran ƙarin dakaru. Akwai RANKL da OPG, na farko yana ba da umarnin a narka ƙashi na biyu yana hana shi, idan na farko ya rinjayi na biyu ƙashi na tafiya. Akwai mafi sauƙi duka, ɓoyayyen jini a cikin yawu wanda ido ba ya gani, a Japan suna da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa don wannan. Sai kuma su kansu ƙwayoyin cutar, ana iya nemo ƙwayar halittarsu a yawu da na'urar PCR, irin wadda kowa ya ji sunanta lokacin korona. Manyan 'yan ta'addan guda uku ne da wani mai bincike Socransky da mutanensa suka haɗa a rukuni ɗaya a 1998 suka kira su jan rukuni: Porphyromonas gingivalis, Tannerella forsythia da Treponema denticola. Akwai ta huɗu da ya kamata mu nan mu san da ita, Aggregatibacter actinomycetemcomitans, sunan kam sai a hankali, wani nau'inta da ake kira JP2 an fi samunsa a jikin mutanen Arewaci da Yammacin Afirka, an bi diddiginsa a 'yan makaranta a Maroko da Gana, kuma shi ne ke sa ka ga matashi ɗan shekara goma sha wani abu, bakinsa ba wani datti sosai, amma haƙoran gaba da turamen farko sun fara girgiɗa. Wanda ya ga haka a gidansa kar ya jira komai.

Toh yanzu aikin kansa. Mafi yawan kuskure ba a cikin na'ura yake ba, wajen ɗibar yawun ne, shi ya sa zan daɗe a nan.

Lokaci mafi kyau da safe ne, kuma idan za a maimaita awon bayan wata biyu ko uku a yi shi a daidai wannan lokacin, saboda yawu yana canzawa daga safe zuwa dare. Aƙalla awa ɗaya kafin awon, in so samu ne biyu, kar a ci komai, kar a sha shayi ko lemo, kar a tauna cingam, kar a sha taba ko shisha. Goro ma haka, kuma wannan sai an faɗa wa dattawa ƙarara, don idan ka ce wa Baba kar ya ci abinci zai ce to bai ci ba, ga goro a kumatunsa, shi a wajensa goro ba abinci ba ne. Sannan abin da ke ba mutane mamaki: kar a goge baki dab da awon. Kowa yana jin kunyar zuwa wajen likitan haƙori da baki ba wanki, sai mutum ya tsaya a ƙofar asibiti ya dirje haƙoransa da aswaki har jini ya fito. Ka ɓata awon kenan, ka wanke abin da ake nema kuma ka zuba jini a ciki, shi kuwa jini yana ɗauke da nasa sinadaran da za su hau da lissafin. Sakace ma a bari, ruwan kurkure baki na kanti ma a bari. Mata a goge jan baki. Duk wanda ya ci abinci ko ya goge baki gara ya faɗi gaskiya a ɗaga awon, ya fi a ɓata kayan gwaji mai tsada a banza.

Ga masu aikin asibiti kuma, a ɗebi yawun kafin a taɓa bakin da ƙarfen awo, ba bayan an gama ba. Da zarar ka zura ƙarfe ka tsokano jini, duk abin da ka ɗiba bayan nan ba shi ne ainihin halin bakin ba. Abu ne mai sauƙi amma ana mantawa, musamman ranar da layi ya yi tsawo.

Ɗibar iri biyu ce da aka fi yi. Ta farko yawun da ya taru da kansa: mutum ya kurkure baki da ruwa zalla, ya huta kamar minti biyar zuwa goma, ya zauna daram ya ɗan sunkuyar da kai, ba magana, ba haɗiya, ba wasa da harshe, ya bar yawun ya taru ya gangaro cikin kwalba, kamar minti biyar. Mai lafiya yana ba da wajen mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti ɗaya, idan bai wuce 0.1 ba to bakin ya bushe, kuma wannan ma labari ne da ya kamata a rubuta. Kar a kaki, majina ba yawu ba ce. Idan ɗakin gwaji za a kai, a sa kwalbar cikin ƙanƙara nan take, domin sinadaran da ke ciki suna ci gaba da cin junansu a cikin zafi, a can za a juya shi a na'ura a ware tarkacen sannan a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Mu da muka san halin wutar lantarkinmu mun san wannan sharaɗin ba wasa ba ne, samfurin da ya narke ya sake daskarewa sau biyu sau uku ba abin dogaro ba ne kuma. Wannan ne ma ya sa ni a ganina gwajin nan take ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce ta kurkure, wadda gwajin aMMP-8 ke amfani da ita. Ka kurkure baki da ruwan sha na daƙiƙa 30 ka zubar, ka jira minti ɗaya don sabon ruwan gindin haƙora ya tsattsafo, sai a ba ka ruwan gwajin mililita 5 ka kurkure da shi daƙiƙa 30, kana tura shi tsakanin haƙora sosai amma ba ka kai shi maƙogwaro kana gargaza ba, sai ka tofa a ɗan kofi. Ma'aikaci zai zuƙa da sirinji, ya ɗaura matata a bakinsa, ya ɗiga 'yan ɗigo a kan allon gwajin. Duk wanda ya taɓa ganin gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take ko na ciki ya san sauran labarin. Bayan minti biyar a duba, layi ɗaya babu, layi biyu akwai, in layin shaida bai fito ba gwajin ya lalace a sake wani. A karanta a kan lokaci, ba a ajiye a tafi sallah a dawo a ce ga wani layi ya fito ba. Iyakar da aka fi amfani da ita wajen raba akwai da babu nanogiram 20 ce na sinadarin a kowace mililita, kuma akwai 'yar na'urar da ke karanta allon ta ba da lamba maimakon a dogara da ido. In da hali lambar ta fi, domin layi mai dishi-dishi yakan jawo musu, kuma bibiya da lamba ta fi daɗin yi.

Sakamako ya fito, sai me? A nan ne mutane ke zarmewa. Layi biyu ba ya nufin haƙoranka za su zube gobe, yana nufin ana yanka kolajin a wani wuri a bakin, je ka a auna da ƙarfe a gano inda ne. Domin yawu gauraye ne, ba ya faɗin haƙori na nawa, idan ana son sanin takamaiman wuri sai a sa ɗan tsinken takarda a gindin haƙorin da ake zargi a ɗebi ruwansa shi kaɗai. Haka kuma layi ɗaya ba takardar sallama ba ce. Mai tsohon ciwo da ya lafa zai iya nuna babu alhali rabin ƙashinsa ya tafi. Wanda haƙoransa suka rage kaɗan ma lambarsa na iya yin ƙasa don wuraren da ke zubo sinadarin sun ragu.

Akwai abubuwan da ke rikita karatun da dole a tambaya kafin a yanke hukunci. Magani na farko: wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, musamman dangin tetirasaikilin da dokisisaikilin da ake saye a kemis kamar gyaɗa, waɗannan suna danne MMP kai tsaye, har ma a Amurka an amince da ƙaramin awon dokisisaikilin, miligiram 20 sau biyu a rana, tun 1998 don wannan aikin kaɗai. Kaga wanda ya sha su sati biyu da suka wuce zai iya nuna lafiya ta ƙarya. Taba ita ma munafuka ce a nan, tana matse ƙananan jijiyoyin jini sai dasashin mashayi ya ƙi yin jini ya yi kamar lafiyayye alhali a ƙasa ana ci, kuma tana taɓa matakin sinadaran yawu. Sai gyambon baki, haƙorin ƙarshe da ke fitowa da kumburi, wayar gyaran haƙora, cire haƙori kwanan nan, juna biyu, duk suna iya motsa lambar. Mai azumi da la'asar bakinsa a bushe, yawunsa ya yi kauri, bai kamata a kwatanta awonsa da wanda aka yi masa da safe a watan Shawwal ba.

Ni dai inda na fi ganin amfanin abin shi ne bibiya, ba ganowar farko ba. Ga yadda ake yi. A ɗauki awon farko kafin a fara magani, a rubuta lambar da ranar da lokacin tare da awon ƙarfe. Sai a yi wankin haƙori na asibiti, a kankare dauɗar da ta daskare ta zama kamar dutse a sama da ƙarƙashin dasashi, wadda buroshi ko aswaki ko gawayi ba za su taɓa cire ta ba. A koya wa mutum goge baki sau biyu a rana da tsaftace tsakanin haƙora. Kar a yi gaggawar maimaita awon a satin farko, naman yana warkewa tukuna, a bari sai kamar sati shida zuwa takwas, wasu har wata uku. Idan magani ya ci, lambar za ta sauka, jini zai ragu, aljihu zai ragu. Idan aljihu ya ɗan ragu amma lambar na nan a sama, to akwai abin da ya rage: ko dauɗa ta saura a can ƙasa, ko mutumin bai daina taba ba, ko gogewar gida ba ta tafiya, ko kuma suga.

Maganar suga sai na tsaya a kanta. Ciwon suga da ciwon dasashi kamar ɗan jumma da ɗan jummai suke, kowanne na ƙara wa ɗayan ƙarfi. A rabe-raben da aka amince da shi a taron masana ciwon dasashi na Shikago na 2017, wanda aka buga a 2018, an kasa ciwon mataki huɗu bisa girman ɓarna, da daraja uku, A da B da C, bisa saurin cinsa. Mai shan kara 10 na taba ko fiye a rana, ko mai sugan da awon HbA1c ɗinsa, wato awon jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kai kashi 7 zuwa sama, kai tsaye C ake saka shi, wato mai gudu. Masu wannan tsarin sun bar ƙofa a buɗe cewa nan gaba alamomin yawu za su iya shiga lissafin darajar, amma ba su mai da su sharaɗi ba, kuma har yanzu babu wani awon yawu da ya karɓe kujerar ƙarfen awo da hoto. Wanda duk ya ce maka da tofi ɗaya zai gaya maka komai, kaya yake son sayarwa. Abin daɗin shi ne bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2022 ta nuna maganin dasashi yana sauke HbA1c da wajen 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu, wanda a wajen mai suga ba abin rainawa ba ne. Don haka duk wanda awon yawunsa ya ƙi sauka bayan wanki mai kyau, a tura shi ya auna suga, ko da yana cewa ai shi ba shi da shi.

Bayan ciwo ya lafa ana dawowa dubiya tsakanin wata 3 zuwa 12 gwargwadon haɗarin mutum, kuma a nan awon yawu na taimakawa wajen sanin wa za a ce ya dawo da wuri wa za a ɗaga wa ƙafa. Yana kuma da wani amfani da ba a rubutawa a littafi: mutum idan ka ce masa aljihunka milimita 5 ne kallonka kawai zai yi, amma idan ya ga layi biyu da idonsa, ya dawo bayan wata biyu ya ga ɗaya, sai ka ga ya riƙe buroshi da gaske.

Gaskiya kuma a faɗa, kayan gwajin nan ba su cika samuwa a asibitocinmu ba, kuma kuɗinsu zai iya fin na wankin haƙorin kansa. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, biya a auna da ƙarfe a wanke, wannan ba ya buƙatar shawara. Kuma akwai halin da ba a jiran wani gwaji sam: mugunya na fita a gindin haƙori, haƙori na girgiɗa, fuska ta kumbura da zazzaɓi. Haka ƙaramin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa na jini yana wari sosai da gyambo, wannan a ranar za a kai shi asibiti, domin haka cutar nan da ake kira noma ke farawa kuma cikin 'yan kwanaki take cin kumatu. Akwai asibitin yara na noma a Sakkwato da ke wannan aikin, kuma a matakin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Idan kuwa an samu kayan gwajin, a duba ranar ƙarewar aikinsu, a ajiye su yadda takardar cikin kwalin ta ce ba a kan taga cikin zafin Afrilu ba, kuma a buɗe wa kowane mara lafiya shafi guda da za a riƙa rubuta lambar yawu kusa da ta ƙarfen awo, da lokacin da aka ɗiba, da maganin da yake sha, da ko ya ci goro a ranar.